Kalmar Kurs da Ƙafata ta Dama

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar min ƙafata ta dama, ko da yake ba a cike na dawo da ita gida ba. Sunana Isiyaka, haifaffen Zongon Lome, kuma shekara goma sha tara na yi ina tuƙa zem, wato babur ɗin haya. Na rubuta wannan ne don 'yan'uwana masu wuni a kan sirdi suna cewa aikin ƙarfi suke yi. Idan kun ji haushi a maganata, ku yi haƙuri, da kaina na fara jin haushin kafin ya kai kan kowa.

Abin ya soma da ƙishirwa. Duk inda na ga mai zoɓo mai sanyi sai na taka birki, in shanye leda biyu, in ɗora lemon kwalba a kai. Sai fitsari ya biyo baya, har na haddace duk wani bango mai lungu daga Zongo zuwa unguwar Tokoin. Matata Zuwaira ce ta lura tururuwa na yin layi a makewayi duk lokacin da na fito. Ta yi ta mita har na gaji, na shiga wani ƙaramin asibiti don kawai ta ƙyale ni.

Likitan yaro ne, kuma sauri yake yi. Ya ɗiga jinina a kan wani ɗan inji, ya ce sukari ya ɗan hau. Daga nan ya tambaye ni da Faransanci, kansa a sunkuye yana rubutu, ko ina yin kurs. To, mu 'yan zem, kurs shi ne ka ɗauki fasinja daga nan ka sauke shi can. Da shi muke kwana, da shi muke tashi. Faransancina kuwa na aji shida ne da na bakin titi, sai na gyara zama na ce masa, "Kullum, dokta. Daga safe har magariba."

"Kullum?"

"Har ranar Lahadi."

Ya ce madalla, in ci gaba da haka, in rage sukari. Da ya ɗaga kai sau ɗaya ya dubi tumbina, da ya san akwai gyara a maganar. Bai ɗaga ba. Na dawo gida ina taƙama, na ce wa Zuwaira likita da bakinsa ya ce aikina shi ne maganina. Maganar rage sukari kuwa a bakin ƙofar asibitin na bar ta. Haka na ƙara shekara guda cur a kan babur.

Ranar da ciwon ya kama ni, ina tsaye ne a danja da wata mata a bayana. Ta taɓa kafaɗata ta ce tana jin ƙauri kamar na nama. Na duba ƙasa, sai ga gefen ƙafata, kusa da idon sawu, a manne da salansa. Fatar ta saluɓe, amma ko ɗis ban ji zafi ba. Maimakon in tsorata, wai alfahari na yi, ina gaya wa abokan aiki cewa jikina ya yi taurin da wuta ba ta cin sa. Bakanikenmu ya shafa min baƙin mai, da na koma gida na ƙara man goge baki, na ci gaba da aiki da silifa.

A mako na biyu ƙafar ta kumbura, ta fara tsatso ruwa. Nan likitocin gida suka fito. Gwaggona ta ce wani abu aka binne min na tsallaka, ta kawo garin magani a cikin man kaɗanya. Wani ya ce zuma, wani ya ce tokar bawon ayaba. Yayana Bawa, mai sayar da goro, wanda maganarsa ita ce doka a gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ya hana zuwa asibiti gaba ɗaya.

"Waɗannan ba su san komai ba sai wuƙa," in ji shi. "Ka shiga da ƙafa biyu ka fito da sanda. Ka yi haƙuri da na gida."

Duk wanda ya kawo magani sai ya ajiye a bakin ƙofa ya ja da baya, domin ɗakin ya fara wari. Ranar Juma'a a masallaci mutumin da ke kusa da ni a sahu ya matsa, ya bar gurbi a tsakaninmu. Ban ga laifinsa ba. Ni kaina da zan iya matsawa daga jikina da na matsa.

Zuwaira ce kaɗai ba ta ja da baya ba. Safe da yamma takan tafasa ruwa da gishiri, ta durƙusa ta wanke, ta yayyaga tsohon zaninta ta ɗaure. A mako na uku zazzaɓi ya rufe ni. Wata safiya ta kwance tsumman, ta tashi ta fita bayan ɗaki. Na ji tana amai. Na leƙa ciwon, sai na ga abu fari yana motsi a ciki, tsutsotsi ne. Ta kurkure baki ta dawo, ta ɗauki tsinke ta cire su ɗaya bayan ɗaya, ta gama wankin tsaf. Sannan ta dube ni.

"Maigida, gobe za mu asibiti. Idan Yaya Bawa yana da magana, ya zo ya wanke wannan da hannunsa."

Yaya Bawa bai zo ba.

Ba zan faɗi sunan asibitin da muka je ba, don a cikinsa na ga abin takaici, a cikinsa kuma aka cece ni. Mun isa bayan sallar asuba muka tarar da layi har bakin get. Benci ya cika, sai ƙasa. Ƙudaje suka gane ni tun kafin ma'aikata su gane ni. Kowace takarda da tagarta, kowace taga da nata layin, kuma auduga da safar hannu da ruwan wanke ciwo duk mu za mu sayo a waje. Zuwaira ta yi ta zirga-zirga har silifanta ya tsinke. Makewayin wurin kuwa, gara ka riƙe abinka har gida. Wajen azahar wata ma'aikaciya ta leƙo, ta toshe hanci da gefen rigarta, ta kira, "Mushe Isiyaka." Haka suke faɗin malam da Faransanci. Na ce a raina, yau dai suna ya dace da mai shi.

Likitar da ta duba ni dattijuwa ce 'yar ƙabilar Ewe, gajeriya, mai furfura a gaban goshi. Ita ba ta toshe hanci ba. Ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafata ta daɗe tana lalube, ta girgiza kai. Ta ɗauki ƙarfe ta fara yanke ruɓaɓɓen naman, ta yi ta yanka, amma jini bai fito ba sai wani ruwa-ruwa. Ta ce, "Ka gani? Jini ba ya saukowa nan. Naman da ba ya jini ba ya warkewa."

Daga nan ta karɓi tsohon katina na ƙaramin asibitin nan, ta karanta, ta dubi cikina.

"Nan an rubuta kai ɗan wasanni ne, kullum kana kurs. Kilomita nawa kake yi a rana?"

Na yi lissafi a raina na ce, "Idan kasuwa ta yi kyau, ya fi ɗari."

Ta ajiye biro. "Da ƙafa?"

"Da babur mana, dokta."

Ɗalibai biyu da ke tsaye a bayanta suka juya suka fuskanci bango, kafaɗunsu na rawa. Ita ba ta yi dariya ba. A hankali ta bayyana min cewa a bakin likita kurs gudu ne, gudu da ƙafa, irin wanda mutum ke yi har gumi ya karyo masa. Zuwaira ba ta jin Faransanci sosai, ta tambaye ni me aka ce. Ban taɓa jin kunyar fassara magana kamar ta ranar ba. Shekara guda ina zaune a kan sirdi ina kurɓar zoɓo, ina cewa umarnin likita nake bi.

Mako biyu na yi a kwance ana min allura a ciki safe da yamma. Masu dubiya suka yi ta zuwa, Allah ya saka musu, amma me suke kawo wa mai ciwon sukari? Lemon kwalba, madarar gwangwani da burodi mai zaƙi. Idan Zuwaira ta ce ba na sha, sai su ce ai ɗan kaɗan ba ya kisa, su buɗe su shanye a gabana. Abincina ya koma ganye da kifi da ɗan tuwon da bai kai tafin hannu ba. Koko ba sukari kuwa, har yau ban yafe masa ba. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da ke juya min matashi ba tare da na roƙa ba, ban san sunanta ba, amma ina sa ta a addu'a.

Sai a wata na uku ciwon ya rufe. Na ɗauka an gama, likitar ta ce ko farawa ba a yi ba.

"Ƙafar nan aro aka ba ka. Hanyoyin jinin sun ƙuntata, kuma tafiya ce kaɗai za ta buɗe wasu. Ka yi tafiya har ƙwaurinka ya ɗaure, ka tsaya, ka sake. Idan jini bai sauko ba, ciwo na gaba daga ƙasan gwiwa zan yanke." Ta juya ga Zuwaira ta ce kullum da yamma ta duba min ƙafar da fitila, har tsakanin yatsu, tunda ni ko ƙusa na taka ba zan ji ba.

Ranar farko daga masallacin unguwa zuwa bakin kwalta kawai na kai, ƙwaurina ya ɗaure kamar an sa igiya. Na zauna a kan kwalbati ina haki. Wannan ba shi ne ya fi ƙona min rai ba. A Zongo, mutumin da aka san shi da babur idan aka gan shi yana tafiya a ƙasa, to ya karye. Kowane ɗan zem sai ya tsaya a gefena ya ce, "Hau in kai ka, Isiyaka, ba sai ka biya ba." In ce motsa jiki nake yi, su dube ni da tausayi. Kafin mako ya zagayo labari ya bazu cewa jinya ta cinye babur ɗin, ina ɓoyewa ne. Ga babur a zaure, amma wa zai shigo ya duba?

Wata biyu ina tafiya kafin na gwada sassarfa. Da na fara, mai shayin bakin hanya ya miƙe ya leƙa bayana don ya ga abin da ya koro ni. Wata tsohuwa ta janye jikokinta ta rufe ƙofa. Da yamma Yaya Bawa ya aiko kirana.

"Me nake ji? Babba da kai, da gemu, kana tsalle-tsalle a titi kamar wanda aljanu suka taɓa? Ka tuna gidan da ka fito."

"Yaya, likita ce ta ce."

"Wancan ma ai likita ne ya ce."

Wannan ta shige ni, don gaskiya ce. Na ce masa dai abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi, na yi masa sallama. Mutanen da suka iya zama da warin ƙafata ba tare da sun ce a tafi asibiti ba, su ne yau gudu ya zame musu abin kunya.

Don in huta da idon unguwa, sai na koma bakin teku ranakun Asabar da Lahadi da sassafe. Can na tarar da duniya guda: maza da mata, masu tumbi da ramammu, wasu a jere suna waƙa suna tafa hannu, babu mai kallon wani. A nan na haɗu da Fo Kwami, tsohon malamin makaranta da ya ba sittin baya. Fo a bakin Ewe kamar yaya ne a namu. Shi ya koya min in daina fizga kamar mai bin fasinja, in yi gudun da zan iya hira a cikinsa. Minti ɗaya gudu, biyu tafiya, haka muka fara. Bayan wata takwas ina yin rabin awa ban tsaya ba, wandona ya yi min yawa, allura ta koma ƙwaya. Na koma aiki rabin wuni da takalmi rufaffe. Kullum bayan magariba Zuwaira takan ɗora ƙafata a cinyarta, ta kunna fitilar waya, ta buɗa yatsun ɗaya-ɗaya.

Da lafiya ta samu, sai girman kai ya biyo ta. Na fara jin dubawar nan ta ishe ni, kamar ni jariri ne. Ana haka aka sanar da tseren kilomita goma a titin bakin teku, Fo Kwami ya sa muka rubuta suna. Likitar ta yarda, da sharaɗin in yi da tsohon takalmina da ya saba da ƙafar. Fo Kwami ma ya ce ba a shiga tsere da sabon takalmi. Amma tsohon nawa ya koɗe, ni kuma ina so Zongo ta gani. Ana gobe tsere na shiga gwanjo na sayi wani ja mai walƙiya. Ya ɗan matse ni ta gefe, mai sayarwa ya ce zai saki.

Tseren kansa ba zan ce ban ji daɗinsa ba. Iskar gishiri, jama'a makil, lamba a ƙirjina. A kilomita na bakwai wata mata da ta kusa haihuwata ta wuce ni tana murmushi, na bi bayanta ina cije baki har ƙarshe. Da aka rataya min lambar yabo irin wadda ake ba duk wanda ya kammala, sai da na share ido. Mutumin da bara ba ya iya wuce bakin kwalta ne wannan.

Da na tsaya a nan, da labarin ya yi kyau. Amma wuni na yi ina zagaya Zongo da jan takalmi da lamba a wuya, har rumfar Yaya Bawa na je na tsaya ya gani. Da magariba Zuwaira ta zo da fitila, na ce ta bar ni, na gaji. Da na cire safa a makewayi na ga ɗan jini a gefen ƙaramin yatsa, na wanke na yi shiru. Na san idan aka ji, za a ce gudu ne. Washegari na ce ina sauri. Rana ta uku na yi mata tsawa, matar da ta cire min tsutsa da hannunta. A rana ta huɗu ba ta tambaye ni ba, ina zaune a tabarma ta fizge safar. Yatsan ya yi baƙi ƙirin.

Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ɗauko jakar asibitin nan da na ɗauka mun rabu da ita, ta fara zuba kwano da zani.

Likitar ta yi faɗan a madadinta, da Faransancin da na gane kowace kalma a cikinsa. Ta ce yatsa dai ya tafi. Za ta cire shi, ta jira kwana uku. Idan wurin ya yi jini, ƙafa ta tsira. Idan ya bushe kamar wancan karon, ta riga ta gaya min inda za ta yanke. Yaya Bawa ya zo dubiya wannan karon, ya tsaya a ƙarshen gado yana gaya wa maƙwabcin gadona cewa shi tun farko ya faɗa, gudu ne ya ci ƙafar. Gudu bai yi min komai ba, takalmi da taurin kai ne, amma ba ni da bakin faɗa.

Kwana ukun nan ban iya cin abinci ba. Ina kallon ƙwaurina ina auna inda wuƙa za ta bi. A rana ta ukun da hantsi likitar ta zo da tirenta, Zuwaira ta riƙe kwanon a ƙarƙashin ƙafar. Aka warware bandejin a hankali. Ni na kasa dubawa, fuskar matata na zuba wa ido. Na ji ƙarar ƙarfe yana kankara, sai ɗis, ɗis a cikin kwano.

"Maigida," in ji Zuwaira. "Jini. Jini ne, ja wur."

Na duba. Yana gangarowa ta gefen ƙafar har kan yatsunta, ita kuwa tana dariya, hawaye na zuba, ta ƙi sakin kwanon. Duk tsawon jinyar nan ban ga kukanta ba sai ranar. Likitar ta danna auduga ta ce, "Wata takwas ɗin da ka yi kana gudu ne wannan. Ba don su ba, da yau muna wata maganar."

Cikin mako biyar wurin ya rufe. Yanzu yatsuna tara ne, ina gudu sau uku a mako da tsohon takalmi mai faɗi, kuma na sake shiga tsere sau biyu. A Zongo har yau akwai masu nuna ni suna cewa ga wanda gudu ya cire wa yatsa, na daina gyara musu. Ku dai 'yan'uwa, idan likita ya yi muku tambaya, ku sa shi ya ɗaga kai ya dube ku, ku tambaye shi abin da yake nufi ko da za a yi muku dariya. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ya shafa wa nasa ruwa.

Zuwaira ban san da bakin da zan gode mata ba, kuma tsawar nan da na yi mata ba ta taɓa tayar da zancenta ba. Abin da na iya kawai shi ne, da an idar da magariba ba na jira ta kira ni. Nakan cire safa da kaina, in zauna a gabanta, in riƙe mata fitilar.